Yadda ake saka makunnin fitila na zamani da aka sayo daga waje

Kun yi ta tambaya a kan makunnin da ake sarrafawa da wayar hannu. Ga matakan:

1. Karanta rubutun bayan makunnin. Wutarmu a Najeriya 230V ce, ta Amurka kuwa 120V.

A kula: idan 120V kaɗai aka rubuta, kada ka saka shi, ƙonewa zai yi. Nemi mai 100–240V.

2. Duba yawan wat ɗin da yake ɗauka, ka gwada da na ƙwayayen fitilarka.

3. Kashe babban makunnin gidan.

4. Kashe janareta da inbata.

A kula: nan ake yawan samun tsautsayi. An ɗauke wuta ba ya nufin babu wuta a waya.

5. Kwance tsohon makunnin.

6. Taɓa kowace waya da testa, ka tabbatar babu wuta a cikinta.

7. Ɗauki hoton yadda wayoyin suke.

8. Nemo wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, shuɗiya ko baƙa. Yawancin waɗannan makunnai ba sa aiki sai da ita, kuma gidajenmu da yawa ba a ja ta zuwa makunni ba.

A kula: idan babu, dakata, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta. Don Allah kada a maye gurbinta da koriyar wayar ƙasa, ran mutane ne.

9. Sa waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, a inda aka rubuta L a jikin sabon makunnin.

10. Sa nutural a N.

11. Sa wadda ke zuwa fitila a L1.

12. Ɗaure sukurorin tam, kada tagulla ta leƙo.

13. Rufe murfin kafin ka maido da wuta.