Yadda ake kiyaye gani daga hawan jinin ido bayan aikin leza

Ɗige-ɗigen nan masu yawo a gaban ido kamar ƙudaje ko zaren gizo, waɗanda suka fi fitowa idan ka dubi farin bango da tsakar ranar Yamai, ana iya farfasa su da wani nau'in hasken leza da ake kira YAG. Sai dai ɓurɓushin da aikin ya bari yana iya toshe magudanar ruwan ido, matsi ya hau, jijiyar gani ta fara mutuwa. Ba kowa abin ke samu ba, amma ganin da gulukoma, wato hawan jinin ido, ta ci ba ya dawowa.

Da farko, kafin a taɓa idon, a auna matsinsa. Na mai lafiya yana tsakanin 10 da 21. Rubuta lambar ka ajiye. Gaya wa likita idan akwai wanda ya makance a danginku, domin wannan cuta ta fi kama baƙar fata, kuma da wuri.

Na biyu, ranar aikin kada ka yi gaggawar tafiya gida. Nemi a sake awo, don matsin kan iya tashi cikin sa'o'i kaɗan.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Mutum ya ga ƙudajen sun ragu, ya ce alhamdulillahi, ya daina zuwa asibiti. Alhali hawan jinin ido yakan zo bayan makonni ko watanni, ba ciwo, ba ja, yana cin gani daga gefe-gefe. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan a waje aka yi maka aikin, taho da takardunka ka kai sashen ido na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, su tsara maka ranakun dawowa, a riƙa duba jijiyar ma.

Na huɗu, ƙurar hunturu za ta sa ido ƙaiƙayi. Don Allah kada ka sayi maganin ɗigawa a hannun mai talla. Wasu na ɗauke da dexamethasone, wanda shi kansa yana ɗaga matsi. Idan an rubuta maka timolol, maganin ɗigawa na rage matsin ido, kuma kana da asma, faɗa tun kafin ka ɗiga.

Ciwon ido mai tsanani, amai, bakan gizo kewaye da fitila, walƙiya, ko duhu kamar an saki labule: tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.