Kai yara ganin gari a Kano: kurakuran da iyaye suka fi yi

Da an ba da hutun makaranta, a gidaje da yawa daga Katsina, Zariya, Azare, Gusau har Maraɗi da Damagaram sai ka ji ana cewa, "Bana kam a kai yaran nan Kano su ga gari." Niyya ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta, domin yaron da ya hau Dala da ƙafarsa ya fi wanda ya haddace sunanta a aji. Sai dai na kai nawa, na kuma raka na 'yan uwa, na ga yadda kwana biyun da aka daɗe ana ɗoki ke komawa kuka da faɗa da ciwon kai. Yawanci ba rashin kuɗi ke jawo haka ba. Rashin tsari ne.

Babban kuskuren shi ne a ce tafiyar ta yara ce, alhali ta manya ce. Uwargida ta riga ta rubuta atamfa da leshin da za ta saro a Kantin Kwari. Maigida yana son ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre. Ga gwaggo a Gwammaja, ga kawu a Hotoro, kowanne idan aka shigo gari ba a je gaishe shi ba zai riƙe a zuci. Haka yara za su yini a takure a falon mutane ana ce musu su zauna shiru, ko a ja su cikin layukan Kwari inda 'yan dako ke wucewa da dila a ka suna "hanya, hanya", yaro ba ya ganin komai sai ƙafafun manya. Da yamma a kai su gidan zoo ana saura kaɗan a rufe, a ce an fita hakkinsu. Ba a fita ba. Zumunci wajibi ne, amma a ba shi lokacinsa, bayan magariba ko yinin ƙarshe. Sari kuma mutum ɗaya ya je shi kaɗai, ɗayan ya zauna da yara a masauki. Safiya da la'asar na yara ne, kada a taɓa musu.

Daga nan sai haɗama. Ana son a ga Dala, Kurmi, gidan tarihi na Gidan Makama, marina, gidan zoo, Gidan Ɗan Hausa, har a leƙa madatsar ruwa ta Tiga, duk a yini ɗaya. Kano ba ta yarda da wannan ba. Cunkoson hanya kaɗai zai cinye rabin yinin, ƙafar ɗan shekara biyar kuma ba ta babba ba ce. Wuri biyu a yini ya isa, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, tsakani a koma masauki a ci abinci, a yi azahar, ƙanana su yi barci. A kuma haɗa wuraren da ke maƙwabtaka. Gidan Makama, Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, babban masallacin Juma'a da marinar Ƙofar Mata duk yanki ɗaya suke, safiya guda ta ishe su. Dala da Kasuwar Kurmi a ba su wata safiyar. Gidan zoo na Audu Baƙo da Ado Bayero Mall titi ɗaya suke, Zoo Road, sai a ajiye su don yamma.

Maganar safiya kuwa ba wasa ba ce. Na taɓa hawa Dala da yara wajen ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, don mun makara a gidan gaisuwa. Ba mu kai rabin matakala ba ƙaramarmu ta zauna, leɓenta ya bushe, ta daina magana. Ruwan da muka ɗauko ya ƙare tun a ƙasa. Allah ya kiyaye, amma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, a saman dutsen kuma inuwa ba ta da yawa. A hau tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe, ko bayan biyar na yamma, da ruwa a hannun kowa da takalmin da ba ya santsi. A lokacin hunturu zafi ba ya damu, amma ƙura kan rufe gari har Gwauron Dutse da ke kusa ya yi dishi-dishi, kuma yaro mai asma yana bukatar maganinsa a jaka, ba a masauki ba.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne a kai yaro wuri a bar shi ba labari. A tsaya, a ɗauki hoto, a ce "ku zo mu tafi." In haka ne me ya gani? Tudu da tsohon gini da ramuka. Alhali tun a mota za a iya ba shi labarin Barbushe, wanda aka ce yana hawa Dala ya gana da Tsumburbura, abin bautarsu, ya sauko ya gaya wa mutane abin da zai faru, tun kafin Musulunci ya kafu a garin. Yaron da ya ji wannan, da ɗoki zai hau. A Gidan Makama a gaya masa cewa ana danganta gidan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ake jingina wa kafa Kasuwar Kurmi da gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. A nuna masa tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, a ce masa ta irin waɗannan ake rufe birni da dare, kuma duk da ganuwa Turawa sun ci garin a 1903. A bar ma'aikacin gidan tarihin ya yi bayani, a bar yara su yi masa tambaya, kada a riƙa kallon agogo.

Marinar Ƙofar Mata ma haka. Mutane kan leƙa minti biyar su fita, su bar abin da ya fi burge yara. A roƙi marini ya tsoma ƙyalle a gabansu. Zai fito da shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa zuwa shuɗi suna kallo. Ba na jin akwai darasin kimiyyar da ke zama a kan yaro kamar wannan. A bar shi ya ji cewa baba da toka da kanwa ake haɗawa a ruwan, kuma sai ya kwana da kwanaki kafin ya nuna. In mabuga na aiki, a tsaya su ji amon bugu. Abu biyu dai: ramukan karofi suna da zurfi sosai kuma bakinsu daidai yake da ƙasa, don haka hannun ƙaramin yaro kada ya bar na babba. Sannan mutanen nan sana'arsu suke yi. A yi sallama, a nemi izini kafin hoto, a sayi ko ɗan ƙyalle ne ko a yi musu alheri.

Ba a duba rana ma kuskure ne. Ranar Juma'a daga hantsi hanyoyin da ke kewaye da fada da masallaci suna cikewa, kada a sa ziyarar cikin gari a lokacin. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga da safe har zuwa ƙarfe goma, wanda ya yi sammako daga wani gari sai ya tsaya a bakin gari da yara cikin mota. Masu son kallon hawan Sallah kuma su fara tabbatarwa za a yi a shekarar, domin akwai shekarun da ba a hau ba, kamar 2020 lokacin korona. In za a yi, Hawan Daushe washegarin Sallah da yamma abin kallo ne na gaske, amma turmutsutsu da dawakai da ƙarar bindiga ba na goyo da 'yan ƙasa da shekara shida ba ne, sai in an samu bene ko gidan wani a kan hanyar.

Wannan ya kawo ni kan ɓatan yaro, abin da kowa ke cewa ba zai faru da shi ba. Lungunan Kurmi matsattsu ne, kuma kama suke da juna. Kafin a fita a rubuta sunan uba da lambar waya biyu a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, ƙarami a maƙala masa da fil a cikin riga. A ɗauki hotonsu da kayan da suka sa a ranar. A raba su tun daga masauki, wane na hannun Baba, wance na hannun Umma, domin "na ɗauka yana wajenki" shi ne mafarin yawancin ɓata. A koya musu cewa wanda ya daina ganin iyayensa ya tsaya inda yake, ya nuna takardar ga mai shago, kada ya bi kowa.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata yini. A riƙe canji a hannu, don kuɗin shiga da na mai gadi ba kullum ake karɓar taransfa ba, sabis kuma kan ɗauke. In Adaidaita Sahu za a hau, a ɗauki shata, a gama ciniki kafin a shiga, yara a tsakiya manya a gefe. Gurasa bandashe da masa mai zafi su ɗanɗana, ai don haka aka zo, amma zoɓo da kunun ayan da suka yini a rana a bar su, a sayi ruwan gora. A sa kowa ya zaga kafin a bar masauki.

Komawa gida kuma kada a bar ta sai "in mun gama". Kaduna ta kai kilomita 200 da ɗoriya daga Kano, Katsina da Zariya ma tafiyar sa'o'i ce, direban da ya yini yana yawo da yara kuma gajiyayye ne. A ɗaure kaya tun dare, a yi sallama da masu masauki da safe, a yi azahar a kama hanya, a isa gida da sauran rana.