Yadda ƙaramin gari a Amurka yake neman tallafin gwamnati don rigakafin wutar daji

Aikina a jihar Kolorado shi ne taimaka wa ƙananan garuruwa da ƙungiyoyin masu gidaje wajen rubuta takardun neman kuɗin rigakafin wutar daji. 'Yan'uwa mazauna yammacin Amurka da ɗalibanmu masu karatun gandun daji sukan tambaye ni yadda abin yake tafiya, to ga hanyar kamar yadda nake bin ta.

Asusun da na fi hulɗa da shi sunansa Community Wildfire Defense Grant, a taƙaice CWDG. Dokar gina ababen more rayuwa da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021 ce ta ware masa dala biliyan 1, a raba cikin shekara 5, kuma hukumar gandun daji ta tarayya ce ke kula da shi. A rabon farko, cikin 2023, an fitar da dala miliyan 197 ga ayyuka kimanin 100 a jihohi 22. Waɗanda aka yarda su nema su ne ƙananan hukumomi, ƙabilun asalin ƙasar, ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, da hukumomin gandun daji na jihohi. Mutum ɗaya ba ya nema, kamfani ma haka. In kai magidanci ne da abin ya dama, sai ka bi ta ƙungiyar unguwarku ko ta ƙaramar hukuma.

Da farko ku tabbatar garinku yana cikin waɗanda ake dubawa. Doka ta fifita wurare iri 3: inda haɗarin wuta ya yi yawa, inda jama'a ke da ƙarancin samu, da inda wata babbar musiba ta auku a shekarun baya. Hukumar tana da taswira a intanet mai suna Wildfire Risk to Communities. Ku rubuta sunan garinku, za ta nuna muku matsayinsa. Ku adana abin da ta nuna, don za a buƙace shi a matsayin hujja. Kada kuma ku ce tunda ba bishiyoyi kewaye da ku, maganar ba ta shafe ku ba. Gobarar Marshall ta 30 ga Disamban 2021, a nan Kolorado, a busasshiyar ciyawa ta tashi, iska mai ƙarfi ta kora ta cikin garuruwan Superior da Louisville, ta cinye gidaje sama da 1,000. Duk wanda ya taɓa ganin wuta ta kama daji cikin hunturu ya san ciyawa ta fi itace saurin ci.

Sai babbar magana, wadda a kanta yawancin garuruwa ke tsayawa: tsarin kare gari, wanda ake kira CWPP. Wata dokar gandun daji ta 2003 ce ta zo da shi. Takarda ce da ke nuna inda wuta za ta iya shigowa, wane yanki ya kamata a fara sassabewa, da yadda za a rage saurin kamawar gidaje. Dole ɓangarori 3 su amince da ita: ƙaramar hukuma, 'yan kwana-kwana na yankin, da hukumar gandun daji ta jiha. Asusun ba ya biyan aikin da ba a ambata a cikin wannan tsari ba, kuma tsarin da ya wuce shekara 10 ba ya karɓuwa. Saboda haka ku nemo naku tun kafin a buɗe neman kuɗi, ku duba kwanan watansa, ku duba ko aikin da kuke so yana ciki.

In ba ku da shi, ko ya tsufa, akwai kason kuɗi na musamman don rubuta shi, har dala 250,000. Shawarata ita ce kada ku miƙa wa wani ƙwararre daga nesa ya rubuto muku shi a ofis. Ku kira taro, a shimfiɗa taswira a kan tebur, a ba mutane alƙalami. Mai kiwon shanu ya san kwarin da iska ke bi da yamma. Direban motar makaranta ya san unguwar da hanyar fitarta ɗaya ce tak. Wannan batun hanya ina dagewa a kansa a kowane taro, domin a gobarar garin Paradise na Kaliforniya a 2018, wadda ta kashe mutum 85, akwai waɗanda wuta ta riske su cikin motocinsu suna ƙoƙarin fita. Tsarin da mutanen gari suka sa hannu a cikinsa shi ne wanda masu filaye ke yarda a shigo da zarto gonarsu daga baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rajista aiki ne na ofis, amma ku yi shi da wuri. Duk mai karɓar kuɗin tarayya sai ya yi rajista a shafin intanet na gwamnati mai suna SAM.gov ya samu lambar shaida. Kyauta ce, tana iya ɗaukar makonni, kuma kowace shekara ake sabunta ta. Sanarwar kowane zagayen neman kuɗin tana fitowa a shafin Grants.gov, ku karanta ta daga farko har ƙarshe, don sharuɗɗa sukan canza.

Kuɗin aiwatarwa yana kaiwa dala miliyan 10 ga aiki guda, amma ban cika son ƙaramin gari ya buɗe baki da yawa haka ba. Ku nemi abin da ma'aikatanku za su iya riƙewa. A cikin takardar ku faɗi abin da za a iya aunawa: eka nawa za a rage wa itace, mil nawa na bakin hanya za a share, gida nawa za a zagaya a duba, wa zai yi, a wane wata. Ayyukan da aka saba gani sun haɗa da rage cunkoson bishiyoyi, sare ƙananan rassa don kada wutar ƙasa ta haura sama, ƙona ciyawa da gangan ƙarƙashin kulawar masana, kawo injin niƙa rassa unguwa-unguwa, har da hayar garken awaki su cinye ciyawar gangaren da inji ba ya hawa. Wayar da kan masu gidaje ma aiki ne da ake biya, kuma yana da muhimmanci, tunda gidaje da yawa tartsatsin da iska ta kwaso ne ke kama su, ta kan busasshen ganyen da ya taru a indararo ko itacen girki da aka jingina da bango. Ƙafa 5 na farko kewaye da gida su ne mafi haɗari. Ku lura kuma, kuɗin na filayen da ba na gwamnatin tarayya ba ne; dajin tarayya da ke maƙwabtaka da ku yana da nasa kasafin.

Akwai kason da za ku kawo da kanku: kashi 10 cikin 100 in tsari za ku rubuta, kashi 25 in aiki za ku aiwatar. Ba lallai ya zama tsabar kuɗi ba. Aikin gayya yana shiga lissafi, haka aron mota ko inji, muddin an rubuta. Ku ajiye takardar sa hannu a kowace ranar gayya: suna, kwanan wata, awa nawa. Abin da ba a yarda ba shi ne ku cike kasonku da wani kuɗin tarayya. Ƙabilun asali da garuruwa marasa ƙarfi suna iya roƙon a yafe musu kason, kuma ina ganin duk wanda ya cancanta ya roƙa ba tare da jin nauyi ba, don saboda su aka yi tanadin.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne yawanci ba a zuba kuɗin gaba ɗaya a asusunku. Ku za ku biya ɗan kwangila, ku tura rasit, sannan a mayar muku. Ku zauna da ma'ajin gari tun kafin ku nema, a san inda za a samo kuɗin da zai riƙe aikin na 'yan watanni. Ku rubuta kuma wanda zai ci gaba da sharar bayan tallafin ya ƙare, domin ciyawa da ƙananan itatuwa suna dawowa, kuma masu tantancewa suna neman amsar wannan tambaya.

Kafin ku tura, ku ba jami'in gandun daji na jiharku ya karanta. In ba a zaɓe ku ba, ku nemi jin inda takardar ta gaza, ku kai tsarin nan naku wasu ƙofofin: Kolorado tana da nata tallafin ta hannun hukumar gandun dajinta, Kaliforniya tana da na hukumarta ta gandun daji da kashe gobara, wato CAL FIRE, hukumar agajin gaggawa ta FEMA kuma takan ba da kuɗin rage haɗari bayan babbar gobara, inda ita ke ɗaukar kashi 75 cikin 100.