Kurakuran da masu koyon gyara suka fi yi kan agogon tsofaffin kwamfutoci

Na gaji da ganin yaran shago suna goge kwamfutocin mutane a kan matsalar da batiri mai girman kwabo zai magance. Kwastoma zai kawo tsohuwar kwamfuta yana kukan cewa intanet ta ƙi buɗewa, burauza tana ta gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne, sai yaro ya yanke hukunci cewa bairos ne, ya yi fomatin nan take, ba tare da ya dubi ranar da na'urar ke nunawa ba. Alhali idan batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata yakan koma baya. Kowace takardar shaidar tsaro ta shafin intanet tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, saboda haka idan kwamfuta tana zaton muna cikin 2009, takardar bana a wurinta ba ta ma fara aiki ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarna a farkon koyona. Na goge kwamfutar wani mai buga takardu, ayyukan ɗalibai da ya shafe watanni yana bugawa suka tafi, washegari kuma da ya kunna sai ga gargaɗin ya dawo yadda yake. Na biya shi daga aljihuna, kunyar ba ta bar ni ba har yau. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai nakan shiga BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, in duba kwanan wata, sannan in cire batirin agogon mai lamba CR2032 in auna shi da mita. Sabo bolt 3 yake bayarwa. Idan na ga ƙasa da 2.8 nakan canza shi kawai. A kuma sani cewa kwamfutar tebur tana jan wannan batiri ne duk lokacin da babu wuta a soket, don haka a garuruwanmu ya fi saurin mutuwa.

Kuskure na biyu ya fi ƙona mini rai, wato garajen sabunta BIOS don kawai shekara ta fito ba daidai ba. Tun kwamfutar IBM PC/AT ta 1984, ɗan guntun agogon kwamfuta na Motorola mai lamba MC146818 lambobi biyu kacal yake ajiyewa na shekara, ƙarni kuwa a wani gurbi daban na CMOS, wato ƙaramar ma'ajiyar da batirin ke riƙewa, ake rubuta shi, kuma BIOS ce ke da alhakin canza shi. Da yawa daga cikin BIOS ɗin shekarun 1990 ba sa canzawa, sai 1999 ta koma 1900, DOS kuma, wato tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta, da yake lissafinsa daga 1980 ya fara, sai ya nuna 1980. Mafi yawansu sau ɗaya za ka gyara shekarar da hannu a cikin BIOS ta zauna. Masu taurin kai su ne wasu BIOS na kamfanin Award masu lamba 4.50G na 1994 da 1995, waɗanda ba su san shekara sai tsakanin 94 da 99. Su nakan bar su yadda suke, in sa umarnin DATE a cikin AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke bi idan an kunna kwamfuta, domin a shigar da rana a kowace kunnawa. Amma kai da ba ka da UPS mai riƙe wuta idan an ɗauke, ba ka ma tabbatar da lambar babban allon cikin kwamfutar (motherboard) ba, me ya kai ka rubuta sabuwar BIOS? Na gwada sau ɗaya, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, kwamfutar ba ta sake nuna ko harafi ɗaya ba.

Idan ka buɗe tsohon allo ba ka ga batiri ba, nemi baƙin akwati mai rubutun Dallas DS1287, domin batirin a cikinsa aka rufe shi. Batirin ganga na allunan 386 da 486 kuwa a yanke shi tun kafin ya yi yoyo ya cinye tagullar da ke kewaye da shi. Kada ka jira Windows XP ta gyara rana daga intanet, ba ta karɓar gyaran da ya wuce awa 15 da kanta. Wanda ya haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya ga agogo yana zamewa da awa ɗaya, batirinsa lafiya lau: Linux tana ɗaukar agogon allo a matsayin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma awa ɗaya muke gaban UTC.

Masu mayar da shekara baya don wata tsohuwar manhaja ta ci gaba da aiki, ku tuna cewa duk rasit da fayil da za a ajiye da ranar ƙarya zai fito. Na'urar da ke kan Linux mai ƙirga daƙiƙu da bit 32 kuma, ƙirgarta za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038 ta koma Disamba 1901, kuma a nan sai an canza manhajar kanta.