Yadda za ki shirya cin abinci da 'yan katun idan kina da ɗan tatata

Duk wadda ta taɓa kai yara malahi, wato filin wasanni, a Jidda ta san abin da ke faruwa idan mutumin nan mai shigar katun ya tunkaro: manyan su ruga wurinsa da gudu, ƙaramin kuwa ya maƙale miki a wuya yana tsala ihu. To, a manyan wuraren wasanni na ƙasashen waje akwai gidajen abinci da aka tsara su don wannan haɗuwar kaɗai. Kuna zaune kuna ci, su Mickey Mouse ko zomon nan Bugs Bunny na zagaya tebura, su tsaya a naku, a gaisa, a ɗauki hoto, su wuce. Kuɗinsa ya fi na abincin gama-gari nesa ba kusa ba. Idan yaronki tsakanin shekara ɗaya da uku yake, abu uku ne za su yanke hukunci ranar: ƙiwarsa, barcinsa da cikinsa. A kansu za ki ɗora shirin, ba a kan hoton da kike son turawa dangi a Kano ba.

Fara gwada shi a gida

Kafin ki kashe ko riyal ɗaya, kai shi inda masu irin wannan shigar ke fitowa a nan kusa: malahi irin Al-Shallal da ke Kornish, ko manyan kantuna lokacin hutun Sallah, ko wuraren bikin Riyadh Season idan kuna Riyad. Ki tsaya daga nesa, yana hannunki, ki zuba masa ido. Idan ya miƙa hannu yana dariya, madalla. Idan ya ɓoye fuska amma yana leƙe ta ƙasan hammatarki, akwai fata, lokaci yake so. Wanda jikinsa ya ɗauki rawa kuwa, a ɗaga tafiyar zuwa baɗi, babu abin da zai ragu.

Kada ki ce ai yana son su a waya. A waya Mickey bai wuce tafin hannu ba. A fili kuwa abu ne da ya ninka yaron tsawo, kansa kamar bahon wanki, ido ba ya ƙiftawa, baki ba ya motsi, kuma ba ya cewa uffan, don masu sa wannan kan ba sa magana. Babba ma da aka tsare shi da irin wannan a lungu sai ya ja da baya. Saboda haka kwanaki kafin tafiya ki daina nuna masa katun ɗin kansa, ki nemo bidiyon yara sa'o'insa suna gaisawa da masu shigar. Ki riƙa cewa, "Ka ga yadda yake da girma? Ya fi Yaya tsawo. Ba ya magana, hannu kawai yake ɗagawa."

Zaɓi wuri, amma takardu tukuna

Mafi kusa da mu shi ne Abu Dabi da ke Imarat, tafiyar kusan awa uku a jirgi daga Jidda. A tsibirin Yas akwai Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, kuma duka a rufe yake da na'urar sanyaya wuri, abin da ba ƙaramin rahama ba ne a watan Yuli. Otal ɗinsu na kusa da shi yana da gidan abinci mai suna Sidekicks inda 'yan katun ke fitowa. Sai Disneyland Paris, a gabashin birnin Faris, inda ake yin wannan a Plaza Gardens da Auberge de Cendrillon. Wanda ya kai Amurka kuma akwai Chef Mickey's da Crystal Palace a Disney World da ke Florida.

Ki lura da bambanci ɗaya da ke cin kuɗi: gidan abincin da ke cikin filin wasannin sai da tikitin shiga filin, ban da kuɗin abincin. Wanda ke cikin otal, irin Chef Mickey's, ba ya buƙatar wannan. Ga mai ɗan shekara biyu ni na fi son na otal, don za a iya ware masa safiya guda ba tare da ana lissafin tikitin da ke ƙonewa ba. A wuraren Disney yaron da bai cika uku ba kyauta yake shiga fili, don haka idan ranar haihuwarsa ta kusa, a duba kalanda.

Kada maigida ya biya komai sai biza ta fito, tunda mu nan fasfo iri-iri ne a hannunmu, kuma abin da aka sauƙaƙa wa wani an tsaurara wa wani. Masu iƙama su tabbatar huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa, na kowa ya fita a manhajar Absher, har na jinjirin.

Kama tebur, da lokacin da ya dace da barcinsa

Teburan nan da wuri suke ƙarewa. A Florida ana buɗe rajista kwana 60 kafin ranar, a Faris wajen wata biyu, ta manhajarsu. Ki sa ƙararrawa a waya. Ki ƙidaya yaron cikin adadin mutane ko da ba za a biya masa ba, ki nemi kujerar yara, ki karanta sharaɗin sokewa, domin wasu na cire tara daga katin banki idan ba a zo ba.

A nan ne nake saɓawa da shawarar da aka saba bayarwa, wai a ɗauki karin kumallo na sassafe don yara sun fi walwala da safe. Yaran wa? Namu na Jidda da ake fita da su bayan Isha'i, su kwanta ɗaya na dare? Abu Dabi tana gabanmu da awa ɗaya, wato takwas ɗin can bakwai ce a jikin yaron. Ki tashe shi a wannan lokacin ki ajiye masa ƙaton zomo a gaba, ki ga ikon Allah. Faris kuwa tana bayanmu da awa ɗaya lokacin zafi, biyu lokacin sanyi, don haka safiyar can ta fi yi mana sauƙi. Ki duba lokacin da yake tashi a gida, ki ƙara awa ɗaya zuwa biyu, shi ne lokacin teburinki. Ko dai ki fara jawo barcinsa baya mako guda kafin tafiya, ko ki ɗauki zama na ƙarshe na karin kumallo. Kada ki sa shi ranar da kuka sauka, kada kuma ya faɗa kan barcin rana. Hutun mako a Imarat da Faransa Asabar da Lahadi ne, ba Juma'a da Asabar irin namu ba. Tsakiyar mako ya fi sarari.

Abincin

Ɗauki irin wanda kowa ke ɗiban abin da yake so. Na zama a jira a kawo kwano bayan kwano, kamar na Auberge de Cendrillon, yana ɗaukar lokacin da ɗan tatata ba shi da shi, duk da cewa can gimbiyoyi ne masu fuskar mutane da ke magana, waɗanda ba su cika tsorata yara ba. A Faransa da Amurka ki tambayi batun halal tun wajen rajista, ki sake tambaya a tebur, musamman kan tsiran nama da alawa mai danƙo. In babu, ƙwai, burodi, kifi da 'ya'yan itace sun isa. Ki ba shi ɗan abin taɓawa kafin ku fito, ayaba ko madara. Yunwa da tsoro idan suka haɗu ba mai raba su.

A teburin

Ku iso da 'yan mintuna a hannu, a canza masa famfas kafin a zauna. Zaunar da shi ta ciki, bayansa na bango, fuskarsa na kallon fili, ke kina tsakaninsa da hanya. Abin da ya fi firgita yara shi ne hannu mai safa ya dafa su ta baya. Idan yana ganin abin tun yana tebur na huɗu, yana kallon wasu yara na dariya, kafin ya iso ya saba da shi.

Ɗaya ya je ɗibar abinci, ɗaya ya tsaya, don sau da yawa kina can wajen faranti za su zo su wuce. In hakan ta faru, a gaya wa ma'aikacin da ke rakiyarsu. Waya na hannun Abbansu, a kan bidiyo, tun kafin su ƙaraso.

Da sun iso, ke ki fara. Ki gaishe shi, ki tafa hannunsa, ki ce, "Ga Mickey ya zo gaishe da Mama." In yaron ya noƙe, ɗaga hannu ki nuna a tsaya daga nan, sun saba, za su durƙusa daga nesa su yi masa wasan ɓuya. Kada a ɗauke shi a cusa musu don hoto, kada kuma yayyensa su tsokane shi da "dodo zai kama ka". Kuma kada ki yi masa alkawarin wani takamaimai tun daga gida, don jerin masu fitowa na canzawa.

Ki nemi lissafi tun abinci bai ƙare ba. Da ya fara murza ido ko jifa da cokali, ku tashi, ko da saura ɗaya bai zagayo ba. Majanyi na cikin jaka, ki goya shi zuwa ɗaki ya yi barcinsa, a bar lilo da sauran wasanni sai bayan La'asar.