Kafin guduma ta sauka: yadda nake ɗaura mazubi a injin danna ƙarfe

Abu na farko da nake nuna wa duk yaron da aka kawo mini koyon aiki shi ne fulawil. Ina kashe moto a gabansa, in ce ya tsaya ya duba. Wutar ta ɗauke, amma wannan ƙatuwar ƙafar ƙarfe tana nan tana juyi abinta, kuma ƙarfin da ta tara ya isa ya sauko da guduma ko da babu lantarki. Don haka idan za ka sa hannu a bakin inji, ka kashe babban makunni, ka garƙama masa kwaɗo, makullin ya kwana a aljihunka, ka jira fulawil ya tsaya cik, sannan ka tokare tsakanin guduma da tebur da gungumen tokari. Guduma nake kiran kan injin da ke hawa da sauka. Mazubi kuwa, wato abin da ke huda ko siffanta fallen ƙarfe, gida biyu ne: namiji a sama, mace a ƙasa.

Kafin ka ɗauko sifana, ɗauko biro. Ƙarfin da huda ke buƙata shi ne kewayen ramin, sau kaurin fallen, sau taurin yankan ƙarfen. Ƙarfe mai laushi na yau da kullum ina ba shi kilo 35 a kowane murabba'in milimita. A ce za ka huda rami mai faɗin milimita 50 a falle mai kaurin milimita 3. Kewayen milimita 157 ne, sau 3 ya ba ka 471, sau 35 ya kai wajen tan 16 da rabi. Ni ba na ɗora wannan aiki a injin tan 17 wai don lissafi ya ce ya isa. Baki yana dakushewa, wani fallen ya fi wani tauri, saboda haka nakan ƙara kashi 20 ko 25 cikin ɗari, in nemi inji na gaba da shi.

Akwai tarko a lambar da aka rubuta a jikin injin. Injin fulawil ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai guduma ta kusa kai ƙarshen saukarta, saura 'yan milimitoci. A tsakiyar hanya ƙarfinsa bai kai haka ba ko kusa. Huda falle siriri ba ta damu da wannan, amma idan aikin jan ƙarfe ne ya zama kofi mai zurfi, inda ake fara cin ƙarfen tun daga sama, gara injin da ke aiki da matsin mai, jikan injin matsin ruwa da Joseph Bramah ya yi wa rajista a Ingila a 1795. Shi ƙarfinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, sai dai yana da nawa.

Sai rata tsakanin namiji da mace. A ƙarfe mai laushi, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kaurin fallen a kowane gefe. A fallenmu na milimita 3, wato tsakanin 0.15 da 0.3. Idan ramin kake so, girman namiji ne girman ramin, sai a buɗa mace. Idan abin da ya faɗo ne kayanka, girman mace ne ma'auni, sai a rage namiji. Kuma kada ka yarda a sa ka huda ramin da bai kai kaurin fallen faɗi ba da namiji na yau da kullum. Zai karye, kuma guntun da ya tashi bai san ido ba.

Share tebur da ƙasan mazubi tas. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda ya isa ya karkatar da komai.

Yanzu mun zo inda aka fi yin ɓarna, wato tsayin rufewa. Auna tsayin mazubin a rufe, daga ƙasansa zuwa samansa. Sannan, kafin ka shigar da shi, ka sauko da guduma ƙarshen saukarta, ka murɗa notin daidaita tsayi ya ɗaga ta har sararin da ke tsakaninta da tebur ya ɗara tsayin mazubin. Daga sama ake sauka a hankali a sami mazubi, ba a farawa daga ƙasa. Na koyi wannan da tsada a shekarata ta biyu a aiki. Na gaji injin daga wanda ya yi aikin dare da gajeren mazubi, na zura nawa mai tsawo ban auna ba. Guduma ta sauko ta cije a ƙasa, ba gaba ba baya, moto yana ta gurnani. Kusan wuni guda muka yi kafin ta saki, kuma ranar na ji maganganun da ba zan maimaita ba. Da rabon ƙaddara ya fi haka, da karanshaf ne, wato sandar da ke hawa da sauke guduma, ko jikin injin zai tsage.

Tura mazubin a rufe zuwa tsakiyar guduma daidai. Injin da gabansa yake a buɗe kamar baki yana ɗan wagewa idan ya ɗauki nauyi, kuma aikin da ya koma gefe yana cinye baki ɗaya na namiji ya bar ɗayan. Sauko da guduma kaɗan-kaɗan da maɓallin taɓawa, wanda ke motsa ta iya lokacin da kake danna shi kawai, ko a ƙaramin inji ka juya fulawil da sandar ƙarfe bayan ka kashe wuta, ka kuma cire sandar kafin ka kunna. Ɗaure sama tukuna, ƙasa kuma ka ɗan kama shi kawai. Ɗaga ka sauke sau biyu ko uku, mace ta zauna inda namiji yake so, sannan ka tamke notocin ƙasa. Ni nakan gwada da takarda mai kauri kafin ƙarfe: idan ta yanku tsaf a gefe ɗaya ta yage a ɗayan, ratar ba ta daidaita ba. Namiji ya shiga cikin mace ɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai tura guntun ya faɗi. Zurfafawa ba ta ƙara komai sai cin baki. Ka kuma leƙa ƙasa ka tabbata guntayen suna da hanyar fita, don idan suka taru suka cushe, mace ce za ta fashe.

Ka san irin kulocin injinka, wato abin da ke haɗa fulawil da karanshaf. Tsohon yayi, mai kama karanshaf da makulli, idan ka taka feda sai ya kammala zagaye ɗaya, babu abin da zai tsayar da shi a hanya. A irin wannan inji, labulen haske, wato na'urar da ke tsayar da inji idan hannu ya gitta haskenta, ba ya tsare ka. Katanga ake yi masa wadda yatsa ba zai wuce ba. Mai kuloci da birki na iska shi ake iya tsayarwa a tsakiya, shi ne ake sa wa labulen haske ko maɓallai biyu na hannu biyu. Ko shi ma akwai lissafi: dokar Amurka ta ɗauki saurin hannu a inci 63 a daƙiƙa, wajen mita 1.6. Injin da ke ɗaukar daƙiƙa 0.2 kafin ya tsaya, labulensa ba zai kasa santimita 32 daga bakin mazubi ba, kuma birki na cinyewa, nisan na ƙaruwa. Wanda ya ɗaure maɓalli ɗaya da waya don ya yi sauri, ni a wurina ya gama aiki ranar. Kaya kuma da awartaki ko sandar maganaɗisu ake ɗaukowa.

Buga guda ɗaya ka tsaya. Ɗauki guntun da ya faɗo ka duba gefensa a haske. Za ka ga zobe mai sheƙi, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin, sauran kuma mai kaushi inda ƙarfen ya karye. Zobe biyu masu sheƙi na nufin rata ta yi kaɗan. Baki ya lanƙwashe da ƙaya mai tsawo, rata ta yi yawa ko namiji ya dakushe. Zoben ya fi faɗi a gefe ɗaya, koma ka sassauta notocin ƙasa. Wannan guntun na farko ina ajiye shi a kan akwatin makunni, in riƙa kwatanta shi da na baya lokaci-lokaci, kuma da zarar ƙayar ta fara kama farce sai in sauke mazubin a kai shi wasawa.