Tara tsofaffin firintoci: wacce za ka saya, kuma ya za ka riƙe ta

In kana son shiga harkar tara tsofaffin firinta, shawarata ka fara da mai allura, irin mai ƙarar nan ta ciiiit ciiiit da ake buga risit da ita a banki da. Epson MX-80 da ta fito wajen 1980, ko FX-80, ko LX-300 wadda ita ce ta fi sauƙin samu a nan. Ba don komai ba sai don ribon ɗinsu, wato zirin ƙyalle mai tawada da allurai ke bugawa a kan takarda, har gobe ana yin sa, kuma ribon mai lamba 8750 yana shiga duk ukun. Firintar da babu abin bugunta a kasuwa ado ce kawai, don haka kafin ka ciro kuɗi ka fara tambayar ribon ko tona, wato garin tawadar da firinta mai lesa ke amfani da shi.

Masu lesa kuwa ka nemi HP LaserJet 4 ta 1992, tonarta 98A, nauyi ne da ita sosai amma ba ta mutuwa da wasa. Tsohuwar mai tawada ni dai ba na ba da shawara, musamman Epson, don kan bugunta, wato sashen da ke fesa tawada, a jikin injin yake, in tawada ta bushe a ciki shekara da shekaru sai dai haƙuri.

Inda ake samu: tsofaffin bizines senta, ofisoshin da ke gwanjon kaya, masu gyaran kwamfuta, da 'yan gwangwan, su a kilo ma suke lissafi, sai dai ka riga su kafin su farfasa.

To ga inda mutane ke yin asara. Don Allah kar ka jona wuta kai tsaye. Juya bayanta ka karanta lambar da ke jiki tukuna, in ka ga 110V ko 120V to kayan Amurka ce, wutarmu kuma 230 ce, kana sakawa a soket za ka ji tas da ƙauri, shi ke nan an gama. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma in mai lesa ce a samu babba, don hitar da ke narkar da tona tana jan wuta ba kaɗan ba, shi ya sa ma ba a ɗora ta a ƙaramin UPS ko ƙaramar inbata.

Bayan nan sai shara. Buɗe murfi ka bi da burushin fenti mai laushi, za ka ga ƙura da guntayen takarda, wani lokaci har gidan kyankyaso. Sandar ƙarfen da kan bugu ke zirga-zirga a kai ka goge ta tas, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu, ka tura kan da hannu hagu da dama wuta a kashe, ya kamata ya tafi sumul ba cijewa. Kar ka yi ambaliyar mai, ƙurar hunturu za ta manne ta zama laka. Robobin jan takarda kuma tsumma mai ɗan danshi ya isa, ban da fetur, yana cinye roba. In LaserJet 6L ko 1100 ce tana kwasar takarda biyar lokaci guda, ɗan robar da ke raba takardu ce ta cinye, canza ta ake yi.

Gwaji ba ya buƙatar kwamfuta. A LX-300 saka takarda da ribon, danne maɓallin LF/FF sannan ka kunna, za ta buga da kanta. Duba rubutun da kyau, in akwai farin layi da ya ratsa dukkan haruffa a wuri ɗaya to ɗaya daga allurai 9 ɗin ta maƙale ko ta mutu, a nan sai ka rage farashi. Kuma kar a taɓa bugu ba ribon ko ba takarda, allurai ne ke shan wahala.

Haɗawa da laftof kuma, yawancin tsofaffin firintocin faffaɗan bakin jona waya mai fil 36 gare su, sai ka sayi waya mai USB a ɗaya gefen. In Windows ta ƙi gane ta, zaɓi Generic / Text Only a jerin direbobin firinta, rubutu zalla dai zai fita.

Ajiya: a kan kanta ba a ƙasa ba, a rufe da leda ko zani, ribon da ba a buɗe ba a bar shi cikin ledarsa nesa da rana. Duk wata ka kunna ka buga ko shafi ɗaya ne, don maiko kar ya daskare, roba kuma kar ta kwanta gefe guda.